Littafin hanya: daga Las Vegas zuwa Grand Canyon ta kwazazzaban Yuta

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024. Las Vegas. Kilomita 0.

Mutum huɗu, mota ɗaya ta haya, matsakaiciyar jif mai giya otomatik, tankinta ya ɗan haura lita 60. Zagayen da aka tsara kusan kilomita 2,300 ne: gandayen ƙasa biyar na jihar Yuta a Amurka, wato Zion, Bryce, Capitol Reef, Arches da Canyonlands, sai ƙasar Nabaho, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, sai Grand Canyon a Arizona, a dawo nan.

Kafin a bar harabar masu haya an buɗe but an ɗaga shimfiɗa. Motoci da yawa yanzu ba sa zuwa da safayar taya, sai gwangwanin gam kawai. Tamu tana da 'yar siririyar nan mai son iska 60, wadda ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Jak da sifanar taya suna nan. Takardar hayar ta ce inshora ba ta bin motar idan ta sauka daga kwalta, don haka tun daga nan aka soke duk wata hanyar burji da ke cikin tsari.

Sayayya: jarkar ruwa biyu masu lita 19, da gora ta lita ɗaya da rabi biyu-biyu ga kowa. Lissafin shi ne lita 4 ga mutum ɗaya kowace rana, na sha kaɗai, ban da girki da alwala. Kula babba da ƙanƙara dunƙule, don 'yan ƙanana ba sa kwana biyu. Rishon gas da tukwane huɗu masu giram 450. Gejin taya, famfon iska mai jona wa mota, kayan cusa faci, tocilar goshi huɗu, gyaɗa mai gishiri, dabino. Naman halal a nan ake saye, ba a sa ran ganinsa a ƙananan garuruwan da ke gaba.

A 2024 katin shiga gandaye na shekara dala 80 ne, kuma mota guda yake ɗauka da duk mutanen cikinta. In da za a biya ɗaya-ɗaya a lokacin, Zion da Bryce da Grand Canyon 35 kowanne, Arches da Canyonlands 30-30, Capitol Reef 20, jimla 185. Sai dai katin ba ya aiki a gandayen jiha, ba ya aiki a ƙasar Nabaho.

An sauke taswira a waya biyu don ta yi aiki ba intanet. Alƙibla a wannan yanki ba gabas take ba: arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, tsakanin digiri 26 da 31.

Litinin, 7 ga Oktoba. Springdale, garin da ke bakin ƙofar Zion. Kilomita 268.

Babbar hanya mai lamba 15 ce har bayan St. George, sannan mai lamba 9 ta Hurricane da La Verkin. Wurin lura ɗaya ne, matsin kogin Virgin a ƙuryar Arizona, inda hanya ke murɗawa tsakanin bangayen dutse, manyan tireloli kuma ba sa rage gudu.

Awa ɗaya ta salwanta a hanya, don agogon Yuta yana gaban na Nebada da awa guda. Wanda ya bar Las Vegas ƙarfe 9 yana lissafin isa sha biyu, ɗaya zai tarar.

A gidajen man Yuta fetur mafi araha mai lamba 85 ne, saboda ƙasar tudu ce. Murfin tankin motarmu 87 ya rubuta, shi ya sa na tsakiya ake sha. Galan ɗinsu lita 3.8 ne.

An shiga ƙuri'ar neman izinin hawan Angels Landing, wani tsauni a cikin Zion, ta gobe. Ana rufe ta ƙarfe 3 na rana, sakamako ya fito ƙarfe 4, kuɗin nema dala 6 ba ya dawowa. Ba ta faɗo mana ba.

Talata, 8 ga Oktoba. Zion. Mota ba ta motsa ba.

A wannan lokaci na shekara ba a shiga babban kwazazzabon da motar kai. Bas ɗin gandu ake hawa, kyauta, tasha tara, kusan minti 45 zuwa ta ƙarshe. Filin ajiye motoci na bakin ƙofa yana cika da sassafe, gara a bar mota a masauki a hau bas ɗin gari.

Aikin yau shi ne Narrows, inda kogin kansa ne hanya. Daga tashar ƙarshe akwai daɓaɓɓiyar hanya ta kilomita 1.6, daga nan sai a faɗa ruwa. Abu uku ake dubawa a allon ofis kafin a tashi. Na farko ƙarfin ruwa: in ya wuce 150 a ma'auninsu, wato mita kubik 4 da ɗan kai a daƙiƙa, rufe wurin ake yi. Yau bai kai rabin haka ba. Na biyu hasashen ambaliya. Na uku sanarwar gansakuka mai guba da aka gano a kogin tun 2020, wadda ta sa ba a shan ruwan ko an tace, ba a kuma nutsa kai.

Maganar ambaliya tana son bayani, don za ta bi mu har ƙarshen tafiya. Ƙasar nan falalen dutse ce, ba ta shan ruwa. Hadari zai sauka a tudu mai nisan kilomita goma ko ashirin, ruwan ya tattaru ya tsuke cikin tsaga mai faɗin ɗaki, ya zo da itatuwa da duwatsu, alhali inda kake sama garau take. Mutanen Abzin sun san irin wannan a ƙoramunsu. A Satumban 2015 mutum bakwai suka rasu a wata 'yar tsaga mai suna Keyhole cikin gandun nan. Alamomi su ne ruwa ya fara gurɓacewa, ganyaye da ƙirare su fara wucewa, ko a ji ruri daga sama. Ba a tsere da ruwa, tudu ake nema ko da na mita biyu ne.

Ruwan da sanyi sosai, ƙasansa duwatsu ne masu santsi kamar ƙwallo. An yi hayar takalma da safar roba da sanda a Springdale, kuma sandar ta fi komai amfani. Wuri mafi zurfi ya kai ƙugu. Awa biyu zuwa mahaɗar kogin da wata tsaga mai suna Orderville, inda bangaye ke matsowa sama ta koma zare, daga nan aka juyo. Waya ɗaya ta jiƙe saboda ledar da aka sa ta ba mai zif ba ce. Ƙafar da ta shiga da takalmin gudu ta fito da bororo biyu, don yashi na shiga ya riƙa gurza.

Laraba, 9 ga Oktoba. Bryce. Kilomita 412.

Fita ta gabas sai an bi ramin da aka huda cikin dutse a 1930, tsawonsa kilomita 1.8, babu fitila a ciki sai tagogi da aka fasa a gefe. A 2024, motar da faɗinta ya kai mita 2.4 ko tsayinta 3.4 sai ta biya dala 15 a tsayar mata da masu zuwa ta bi tsakiya. Irin wannan tsayawa ta ci mana minti 20. A cire tabarau kafin a shiga.

Daga nan lamba 89 zuwa arewa, sai 12, sai 63. A taswira abin ba komai, awa biyu. Abin da taswira ba ta nunawa shi ne an tashi daga tsayin mita 1,200 an koma 2,400. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300, shi ya sa motar ta fara nauyi a hawa tana yawan sauya giya. Ba lalacewa ba ce. Ruwa kuma a nan yana tafasa wajen digiri 92, shinkafar dare ta ƙara minti goma da ƙarin kofin ruwa. Ciwon kai da rashin barcin daren farko su ma daga tsayin ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba. Bryce. Kilomita 479.

Da asuba digiri 2, fitilar taya ta kama a dashbod. Ga yadda aka bi abin. An cika tayoyin 35 a Las Vegas da rana tsaka, zafi na digiri 36, wanda kuskure ne, da safe ake awo taya na sanyi. Iskar taya tana raguwa da kusan maki ɗaya a duk digiri 5 zuwa 6 da sanyi ya ƙaru, hawa tudu kuma yana ɗan ɗaga abin da geji ke nunawa. Taya uku sun nuna 31, daidai da lissafi. Ta baya ta dama ta nuna 25. Sanyi ba ya zaɓen taya ɗaya, saboda haka wannan yoyo ne. Da aka zuba ruwan sabulu sai ga kumfa a kan wani ɗan sukurun da ya nutse a tsakiyar tafin taya. An kira masu haya, suka yarda a cusa faci a kai ta shago a babban gari na gaba. An zare sukurun, an goge ramin da ƙarfen kurza, an cusa igiyar faci da gam, an yanke saura, an mayar da iska 35 duka huɗun. Minti 25. Da a gefen taya ne ramin yake, faci ba ya yi, sai safaya.

Bryce ba kwazazzabo ba ne na gaske, duk da sunan. Gefen tudu ne da ya zaizaye ya bar dubban ginshiƙai ja da ruwan goro da fari. Sanyi ne maginin: kusan rabin dararen shekara ruwa yana daskarewa cikin tsagogin dutse ya buɗa su, rana ta narkar da shi, gobe a sake.

Hanyar gandun kilomita 29 ce zuwa Rainbow Point, mai tsayin mita 2,778. Duk wuraren tsayawa suna hagu in ana tafiya kudu, don haka dabara ita ce a wuce kai tsaye har ƙarshe, a riƙa tsayawa a dawowa ba tare da tsallaka hanya ba. Da rana an sauka cikin ginshiƙan ta Queen's Garden aka fito ta Navajo Loop, kilomita 4.6. Saukar wasa ce, fitowar ce ke cin numfashi. A nan kullum ƙarshen tafiya ne hawa.

Juma'a, 11 ga Oktoba. Torrey. Kilomita 668.

Hanya mai lamba 12. Kilomita 189 da aka ba awa uku, suka ci bakwai, kuma ba asara aka yi ba. A duk tafiyar babu hanyar da ta kai ta.

An cika tanki a Escalante. Bayan garin hanya tana faɗawa cikin tekun falalen dutse fari da ja, ta sauka har kogin Escalante, ta sake hawa. Kafin Boulder akwai wurin da ake kira Hogback, inda kwalta ke bin ƙashin bayan dutse, rami a dama rami a hagu, babu shinge. Allo ya nuna gangaren kashi 14 cikin ɗari a wasu wurare. Direba ya bar kallo ga fasinja.

Bayan Boulder sai dutsen Boulder, inda hanya ta kai kusan mita 2,900 cikin daji mai fararen itatuwa, ganyensu ya zube saura kaɗan. Yankin kiwo ne ba shinge, shanu suna kwanciya a kwalta, barewa kuma suna fitowa da magariba. Kada a bi nan da dare.

A saukowa birki ya fara wari, feda ta yi laushi. Dalilin a bayyane yake: mota cike da mutum huɗu da kaya, ƙafa na kan birki tsawon kilomita da yawa, faifai ya yi zafi. An tsaya minti 20 a wuri mai faɗi, ba a ja birkin hannu ba, ba a kuma zuba ruwa a kan faifan ba, don ruwa na iya lanƙwasa shi. Daga nan aka mayar da giya hannu, ta uku, wani wuri ta biyu, inji ya riƙe motar. Birki a taka da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, ba a jingina masa ƙafa. Warin bai dawo ba.

Taya mai faci: 35 da safe, 35 da dare bayan ta huce.

Asabar, 12 ga Oktoba. Moab. Kilomita 931.

Capitol Reef lanƙwasar ƙasa ce mai tsawon kusan kilomita 160, hanya mai lamba 24 ta ratsa ta. A tsakiya akwai Fruita, tsohon ƙauyen manoma 'yan ɗariƙar Momon, da lambunansu na kusan itatuwa 2,000 da hukumar gandu ke kula da su har yau. Inda aka kafa allon izini ana shiga a tsinki tufa, a auna a sikeli, a jefa kuɗi a akwati. Gefen hanya kuma akwai zanen mutanen da a jikin dutse.

Tsaunukan yumɓu masu launin toka da shunayya da ke gabas da gandun suna da kyau a ido, amma duk hanyar ƙasa da ta bi ta cikinsu tarko ce in an yi ruwa. Yumɓun yana kumbura ya manne wa taya har mota mai jan ƙafa huɗu ta kasa motsi.

A sha mai a Hanksville. Daga nan zuwa Green River kusan kilomita 90 ne babu komai. Wanda zai juya yamma a babbar hanya mai lamba 70 ya sani cewa tsakanin Green River da Salina fiye da kilomita 160 ne ba gidan mai ko ɗaya. Mu gabas muka yi, sannan kudu ta lamba 191. A Moab mai faci ya cire tayar ya manna faci ta ciki. An sake ƙanƙara, an cika jarkoki.

Lahadi, 13 ga Oktoba. Arches. Kilomita 1,012.

A 2024, daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, ba a shiga Arches tsakanin 7 na safe da 4 na yamma sai da tikitin lokaci, dala 2, da ake kamawa ta intanet watanni kafin ranar. Katin shekara bai wadatar ba. Ba mu da tikiti, don haka aka wuce ƙofa shida da kwata, kafin dokar ta fara aiki. Sallar asuba a filin ajiye motoci.

Akwai bakunan dutse sama da 2,000 a gandun, kamar bakan gizon da magina ke ɗaurawa a soro, sai dai babu hannun mutum. Ƙarƙashin ƙasar akwai kaurin gishiri na tsohon teku. Da gishirin ya motsa sai dutsen yashi na sama ya tsattsage ya zama bangaye sirara a jere, ruwa da sanyi suka huda su. Kuma suna faɗuwa. Wall Arch ya rushe cikin dare a Agustan 2008. Landscape Arch, mai faɗin fiye da mita 88, ya zubar da wani babban ɓangare a 1991, shi ya sa yanzu ba a bi ta ƙarƙashinsa.

Delicate Arch kilomita 4.8 ne zuwa da dawowa, hawan mita 146, mafi yawa a kan falalen dutse ba inuwa ko ta tafin hannu. Babu sawu a kan dutse, tarin 'yan duwatsu ake bi. Mita 200 na ƙarshe gefen bango ne mai rami a hagu. An tashi bakwai saura, an dawo kafin tara da rabi, lita ɗaya da rabi ta kowa ta ƙare tas. Famfo biyu ne kawai za a dogara da su, na ofishin ƙofa da na Devils Garden a ƙarshen hanya.

Baƙar ɓawon ƙasa mai kama da ƙonannen tuwo da ke gefen hanya abu ne mai rai, shi ke riƙe yashi. Taku ɗaya yana ɓata ginin shekaru. A kan dutse ake takawa ko cikin busasshen rafi.

Litinin, 14 ga Oktoba. Canyonlands. Kilomita 1,176.

Sashen Island in the Sky, kusan kilomita 50 daga Moab ta lamba 313. Tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai tsakanin kogin Green da kogin Kolorado, wani siririn wuya ne kaɗai ya haɗa shi da sauran ƙasa. Babu mai, babu abinci, ruwa ma a zo da shi.

Daga bakin wuyan ana hango hanyar Shafer tana kwana-kwana a jikin bango har ƙasa, inda ta haɗu da White Rim, zagayen kilomita 160 mai son takardar izini da mota doguwa mai ƙaramar giyar jan ƙafa huɗu. Irin tamu ba ta cika sharaɗin ba, hukumar gandun kuma ta yi gargaɗin cewa janyo mota daga can yana haura dala 1,000. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mesa Arch da hantsi ya fi daɗi, masu kyamara sun watse. Grand View Point ya cancanci tafiyar ƙafa ta kilomita uku. Kada a bar abinci a kan teburi ko na minti ɗaya, hankakin nan sun iya buɗe zif ɗin jaka.

Talata, 15 ga Oktoba. Monument Valley. Kilomita 1,430.

Lamba 191 ta Monticello da Blanding da Bluff, sai 163 ta Mexican Hat. Akwai wata hanyar ta lamba 261 mai sauka ta Moki Dugway, kilomita 5 na tsakuwa da gangaren kashi 10 cikin ɗari, wadda aka fasa a 1958 don manyan motocin dakon yuraniyom. Daga ƙasa aka kalle ta, saboda takardar haya.

Kafin a isa, inda hanya ta miƙe sak zuwa dogayen duwatsun Monument Valley, mutane suna tsayawa tsakiyar kwalta suna hoto. A rage gudu tun daga nesa.

Wurin ba na gwamnatin tarayya ba ne, na al'ummar Nabaho ne, shiga a 2024 dala 8 ne kowane mutum. Zagayen cikin kwarin kilomita 27 ne na yashi da gargada, don haka aka ajiye mota aka hau buɗaɗɗiyar motar ɗan jagora, wadda ke kai mutum har wuraren da baƙo ba ya shiga shi kaɗai. A ɗaura rawani ko ƙyalle, a sa kyamara a leda. Mutane suna zaune cikin kwarin da tumakinsu, ba a ɗaukar hotonsu ko na gidajensu sai da izini.

Laraba, 16 ga Oktoba. Page. Kilomita 1,641.

Matsalar yau agogo ce. Arizona ba ta tura agogo gaba da bazara, ƙasar Nabaho da ke cikinta tana turawa, Yuta ma haka. Wato a Oktoba Monument Valley da Kayenta suna gaban Page da awa ɗaya. Wayoyi suna tsalle tsakanin lokutan biyu gwargwadon turken da suka kama, har waya biyu a mota ɗaya suka saɓa. Tikitin Antelope da agogon Page yake aiki. Magani: a kashe saitin lokaci na kai-da-kai, a zaɓi Phoenix, babban birnin Arizona, da hannu.

Antelope tsaga ce mai murɗaɗɗun bangaye, kashi biyu ce, ta sama da ta ƙasa, ba a shiga sai da ɗan jagora Banabahe. Ta ƙasa muka bi: matakalar ƙarfe masu tsayi, wasu wuraren sai an karkace kafaɗa, ba a shiga da jaka. Sandunan hasken da ake gani a hotuna na ta sama ne, da tsakar rana, kuma lokacinsu ya wuce tun farkon wata. A nan ne ranar 12 ga Agusta, 1997 ambaliya ta kashe baƙi 11, daga ruwan da ya sauka nesa. Shi ya sa in an soke zagaye saboda hadarin da ba ka gani, ba a gardama.

Horseshoe Bend, inda kogin Kolorado ya yi lanƙwasa a cikin rami: ajiye mota dala 10 ne na hukumar gari, katin shekara ba ya aiki. Kilomita 2.4 zuwa da dawowa, ramin kusan mita 300, shinge a wuri ɗaya kawai, kuma bakin dutsen yashi yana ɓantarewa. Sunan Kolorado da Sifananci ja yake nufi, amma kogin a nan kore ne shar, don madatsar Glen Canyon mai tsayin mita 216 tana tare lakar a tafkin Powell ta saki ruwa mai sanyi daga ƙasa.

Alhamis, 17 ga Oktoba. Grand Canyon, gefen kudu. Kilomita 1,868.

Lamba 89 zuwa Cameron, an sha mai, sai 64 zuwa yamma. Shiga ta ƙofar gabas ya fi, layi kaɗan ne, kuma kallon farko daga Desert View ne, inda hasumiyar dutse ta 1932 da Mary Colter ta zana take, kogin kuma yana bayyana sosai. Daga nan kusan kilomita 40 a bakin rami zuwa ƙauyen gandu. Gefen arewa ya fita daga tsari, masaukansa sun rufe tun ranar 15, kuma ko da yake ana hango shi, zagayen mota zuwa can ya haura kilomita 330.

Ruwan gefen kudu duka daga wani marmaro na gefen arewa yake zuwa ta bututun da aka shimfiɗa a shekarun 1960, mai yawan fashewa. A ƙarshen Agustan 2024 sai da otal-otal na cikin gandu suka daina karɓar masu kwana na wasu kwanaki saboda haka. Ana aikin sauya shi, kuma aikin yana rufe wasu hanyoyin ƙafa. Don haka ba a dogara da famfon da taswira ta nuna, a tambayi ofis da safe.

Tsarin gobe: South Kaibab zuwa Cedar Ridge, kilomita 2.4 zuwa, saukar kusan mita 340. Ba a zuwa bakin hanyar da motar kai, bas mai launin ruwan lemo ake hawa. Babu ruwa a hanyar ko ɗigo. Lita uku kowa, da gyaɗa mai gishiri, don shan ruwa zalla ana gumi yana tsinka gishirin jini, alamunsa kuma suna kama da na ƙishirwa. Fitowa tana cin ninkin lokacin sauka, saboda haka ƙarfe 9 za a juyo ko an kai ko ba a kai ba. In an haɗu da alfadarai, a raɓe ta gefen bango a tsaya cik har su wuce.

Iska ta tashi da yamma, hasashe ya nuna sanyi da yiwuwar ruwa ko dusar ƙanƙara a tuddai. In hanyar ta jiƙe za a bar saukar, a bi bakin rami da bas zuwa Hermits Rest. Tukunyar gas ɗaya ta rage, jarka ɗaya da rabi, taya huɗu 35. Saura kusan kilomita 450 zuwa Las Vegas ta Williams da Kingman, motar kuma ana jiranta ranar Lahadi ƙarfe 12.